Daga gangar shela zuwa takardar magajin gari: tarihin dokar gari a Nijar

Dokar da ta fi taɓa rayuwar talaka ba safai take fitowa daga majalisar dokoki ta ƙasa ba. Ita ce wadda ke faɗin inda za a yanka dabba, da kuɗin da mai rumfa zai biya ranar kasuwa, da wurin zuba shara, da abin da za a yi da akuyar da aka kama tana yawo a titi, da lambar da ɗan kabu-kabu zai ɗaura kafin ya ɗauki fasinja. Irin wannan ita ake kira dokar gari. Ƙarama ce a idon masana shari'a, amma da ita mutum ke cin karo tun daga ƙofar gidansa.

Kowace dokar gari tana bin matakai uku kafin ta zauna: a yi shawara a kanta, wani mai iko ya zartar da ita, sannan a sanar da jama'a. Wanda ya bi tarihin garuruwan Nijar, daga zamanin sarakuna zuwa 2024, zai ga cewa matakan nan uku ba safai suke cika a lokaci guda ba. In shela ta yi ƙarfi sai a tarar shawara ta yi rauni. In aka buɗe ƙofar shawara sai a tarar dokar ta maƙale a takardar da mafi yawan mutanen gari ba su iya karantawa.

Zamanin fada da ganga

Kafin zuwan Nasara, birane irin su Damagaram da Maraɗi da Tsibiri ba su zauna babu doka ba. A Maraɗi, inda gidan sarautar Katsina ya kafu bayan jihadi ya raba shi da birninsa a farkon ƙarni na 19, sarki ba ya yanke babbar magana shi kaɗai. Akwai manyan sarakuna huɗu da ake kira rukuni, wato Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi. Su ke zaɓen sarki, kuma da su ake shawarar yaƙi da sulhu da manyan al'amuran ƙasa. Haka tsarin yake a zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga 1854 zuwa 1875. A ƙarƙashinsu akwai masu kula da harkokin yau da kullum: sarkin kasuwa da ke raba rigima da tsaron mudu, sarkin fawa da ke lura da yanka, masu unguwanni, da Iya, wadda ke riƙe da sha'anin mata da na bori.

A Damagaram, zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Birni ya samu ganuwarsa, Zango kuma ya cika da fatake da ayarin da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Tarabulus. Gari irin wannan ba ya tafiya sai da ƙa'idar shiga da fita, da kuɗin fito, da aikin gayya na gyaran ganuwa, da alƙalai masu hukunci bisa mazhabar Malikiyya.

Idan fada ta yanke magana, sai mai shela ya fita da ganga. Yakan tsaya a ƙofar fada da tsakiyar kasuwa da mahaɗar hanyoyi, ya kaɗa har a yi tsit, ya faɗi abin da sarki ya ce da horon da ke kan wanda ya saɓa. Masu unguwanni su kai maganar gida-gida. Kafin rana ta faɗi, mai sayar da fura da maƙeri da baƙon da ya sauka jiya duk sun ji, kuma cikin harshen da suke ciniki da shi.

Kada dai a ƙawata wannan zamani fiye da kima. Talaka ba shi da kujera a fada, bawa balle a yi magana. Wanda doka ta matsa wa yana da hanya biyu: ya kai kuka ta bakin mai unguwa ko wani malami da sarki ke jin nauyinsa, ko kuwa ya kwashe iyalinsa ya koma ƙasar wani sarki. Shawara ta manya ce, shela ce ta kowa.

Zamanin kumandan

Faransawa sun ci Damagaram da yaƙi a 1899. Garin ya zama hedikwatar yankin soja daga 1911, Nijar ta zama ƙasar mallaka mai gwamnanta a 1922, sannan aka mayar da hedikwata Yamai a 1926. An yanka ƙasar gunduma-gunduma, kowace a hannun kumandan. A wurin mutumin nan guda matakan uku suka taru. Shi ke ganin abin da ya dace, shi ke sa hannu, shi ke aika gardi, kuma shi ke hukunta wanda ya ƙi.

Makaminsa shi ne dokar da Faransanci ke kira indigénat, wadda ta shafi ƴan ƙasa kaɗai ban da Turawa. Ta ba shi ikon ɗaure mutum ko cin tararsa ba tare da an je gaban alƙali ba. A farkon ƙarni na 20 horon yakan kai kwana 15 a gidan kaso da tarar tamma 100, kafin a sassauta shi a 1924. Laifuffukan da ta lissafa sun haɗa da jinkirin biyan lampo, da ƙin fita aikin dole, da raina wakilin hukuma, da saɓa ƙa'idar tsabta. Da yawa daga cikinsu abubuwa ne da a Faransa majalisar gari da magajin gari ke tsarawa. A nan kuwa babu wanda aka tambaya.

Sarakuna ba su gushe ba, amma an mai da su masu isar da umarni da tara haraji. Ganga ma ba ta daina kaɗawa ba, sai dai maganar da take ɗauke da ita ta canza asali. Kumandan ya rubuta da Faransanci, tafinta ya juya, sarki ya karɓa, mai shela ya faɗa. Tun daga lokacin doka ta zama mai fuska biyu: ta takarda, wadda ita ce ke da ƙarfi a ofis, da ta baki, wadda ita ce jama'a suka sani. Wanda ke tsaye tsakanin biyun, wato tafinta, ya samu iko mai yawa. Talakawan kudu kuma suka riƙe tsohuwar hanyarsu ta ƙin doka: in lampo da aikin dole suka yi nauyi, sai a wayi gari ƙauye ya tsallaka iyaka zuwa Najeriya.

Maraɗi na ɗauke da shaidar wannan zamani a jikinta. A 1945 ambaliyar gulbi ta rushe tsohon garin da ke cikin fadama. Hukumar Nasara ta yanke cewa a hau tudu, ta zana sabon gari mai miƙaƙƙun tituna masu gicciye juna, aka raba filaye. Shawarar ta tsirar da garin daga ruwa, ta kuma buɗe masa hanyar bunƙasa da cinikin gyaɗa. Amma babu wata zaɓaɓɓiyar majalisar gari da ta tattauna ta, domin a lokacin babu irinta ko ɗaya a duk faɗin ƙasar. An soke dokar indigénat a 1946, a shekarar da dokar 11 ga Afrilu ta haramta aikin dole.

Haihuwar komin

Tsarin da ake kira komin, wato ƙaramar hukuma mai majalisa da magajin gari, ya samo asali daga dokar Faransa ta 5 ga Afrilu 1884. Ita ta raba aiki gida biyu: majalisar da jama'a suka zaɓa ita ke yanke al'amuran gari ta hanyar ƙuduri, magajin gari da majalisar ta zaɓa daga cikinta shi ke zartarwa, kuma yana da ikon kansa na kiyaye zaman lafiya da tsabta da lafiyar jama'a. Sama da su duka akwai wakilin gwamnati mai sa ido. Wannan ƙashin baya shi ne Nijar ta gada.

A Afirka ta Yamma, garuruwa huɗu na Senegal ne kaɗai suka daɗe da cikakken tsarin: Saint-Louis da Gorée tun 1872, Rufisque a 1880, Dakar a 1887. Sauran garuruwa an tanadar musu wani abu rabi da rabi, wanda dokar 4 ga Disamba 1920 ta tsara: komin da magajinta Bature ne ma'aikacin gwamnati, tare da kwamitin gari mai hawa uku. A hawa na farko gwamna ke naɗa ƴan kwamitin, a na biyu wasu tsiraru ke zaɓensu, a na uku ne kaɗai ake zaɓe na kowa da kowa. Damagaram da Maraɗi ba su samu ko wannan matsayi ba sai a tsakiyar shekarun 1950.

Dokar 18 ga Nuwamba 1955 ta ba wasu manyan biranen Afirka cikakken matsayi, Yamai na cikinsu. A zaɓen Nuwamba 1956 Jibo Bakari ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A karon farko, ɗan ƙasa da ƙuri'a ta ɗora yana iya kiran majalisa, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a, ya sa hannu. Abin bai yi tsawon rai ba. Jam'iyyarsa ta Sawaba ta faɗi a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, aka haramta ta a 1959, ƙasar ta shiga mulkin jam'iyya ɗaya tun kafin ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960.

Daga 1960 zuwa 1999: suna ba iko

Gwamnatin Jori Hamani ta sake fasalin ƙasa da dokar 17 ga Yuli 1964. An kafa manyan yankuna 7, wato Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram, kowane a hannun parefe, a ƙarƙashinsu da'irori a hannun su-parefe, da ƴan komin a manyan garuruwa. A takarda, da'ira da komin suna da majalisa da kasafin kuɗinsu. A zahiri, ƴan majalisar daga jerin sunaye guda na jam'iyyar PPN-RDA suke fitowa, kuma su-parefe shi ne wakilin gwamnati, shi ne kuma mai zartar da ƙudurin majalisar da'ira. Mai sa ido da wanda ake sa wa ido sun zama mutum ɗaya.

Juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 ya share majalisun baki ɗaya. Saini Kunce ya maye gurbinsu da kwamitocin ba da shawara, daga baya kuma, a farkon shekarun 1980, ya kafa tsarin majalisun raya ƙasa, daga ƙauye har zuwa ƙasa baki ɗaya, bisa ginshiƙai biyu: samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma. Magajin gari naɗaɗɗe ne, parefe kuma sau da yawa soja. Duk da haka, ba a taɓa yin zamanin da umarnin hukuma ke isa kunnen jama'a kamar wannan ba. Rediyo na magana da harsunan ƙasa, samariya na fita sharar gari da ginin azuzuwa, ƴan wasan kwaikwayo na rediyon Damagaram da ƙungiyar Yazi Dogo, wanda shi kansa malamin makaranta ne, suna mai da saƙon tsabta da na zaman tare abin dariya mai shiga rai. Dattawan da ke yabon tsabtar garuruwa a wancan lokaci ba ƙarya suke ba. Sai dai wanda ke riƙe da tsintsiya ba shi da bakin cewa a'a.

Babban taron ƙasa na 1991 da kundin tsarin mulkin 26 ga Disamba 1992 sun ɗauki alkawarin mayar wa jama'a ikon tafiyar da garuruwansu. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 da ƴan tawayen arewa ta ƙara wa alkawarin nauyi, domin sakin mara ga yankuna na cikin manyan buƙatunsu. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a ranar 7 ga Fabrairu 1999, amma rigima ta ɓarke a kan sakamako, kotun ƙoli ta soke shi a wurare da yawa, aka kashe Shugaba Ibrahim Bare Mainasara a ranar 9 ga Afrilu, majalisun ba su zauna ba. Har ƙarshen ƙarnin, komin 21 kacal ƙasar ke da su, kuma duka a hannun naɗaɗɗu.

Yadda ƙuduri ke zama doka

Dokokin 11 ga Yuni 2002, zamanin Mamadu Tanja, su ne suka shimfiɗa komin a kan kowane taƙi na ƙasar. A ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi ƴan majalisa 3747 a ƙananan hukumomi 265, 213 na karkara da 52 na birni. Sama da 600 daga cikinsu mata ne, albarkacin dokar kaso ta shekarar 2000. Bayan juyin mulkin 2010 aka tattara dokokin cikin kundi guda, na 17 ga Satumba 2010. A tsarin da ya biyo baya Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram suka zama birane masu matsayi na musamman, aka raba su da'irori 15: Yamai 5, Damagaram 5, Maraɗi 3, Tawa 2.

Kundin ya tsara majalisa mai zaɓaɓɓu 11 zuwa 25 a komin ta karkara ko ta birni, gwargwadon yawan jama'a, da wa'adin shekara 5. Sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki na yankin suna zama a cikinta, suna magana, amma ba su kaɗa ƙuri'a. Ta haka aka mayar da fada cikin zauren shawara ba tare da an ba ta wuƙa da nama ba. Majalisa na zaɓen magajin gari da mataimakansa daga cikinta, kuma kundin ya shardanta musu takardar shaidar kammala koleji. Ana zaman yau da kullum sau ɗaya kowane wata uku, ana kuma iya kiran zama na musamman.

A ɗauki misalin komin da ke son sake tsarin kara, wato kasuwar dabbobi: a kewaye ta da katanga, a sa ƙofa guda, a daidaita kuɗin da ake karɓa a kan kowace dabba. Maganar na iya tasowa daga magajin gari, ko daga wani ɗan majalisa, ko daga kukan makiyaya da dillalai ta bakin sarki. Kwamitin kuɗi na majalisa ya duba ta, ya ƙiyasta abin da za a kashe da abin da za a samu. Magajin gari ya sa ta cikin jerin abubuwan tattaunawa, ya aika wa kowane ɗan majalisa takardar kira kafin ranar zama, ya kuma sanar da parefe.

Ranar zama, sai an ƙirga. In waɗanda suka halarta ba su haura rabin zaɓaɓɓu ba, babu ƙuduri, sai a sake kira. Ƙofar zauren a buɗe take ga duk mai son saurare, sai fa in majalisa ta yanke yin zaman sirri. A yi muhawara, sarki ya faɗi ra'ayinsa, a kaɗa ƙuri'a, rinjaye ya yi halinsa. Abin da aka yanke shi ne ƙudurin majalisa, wanda takardun hukuma ke kira délibération. A rubuta shi cikin littafin majalisa tare da bayanin yadda zaman ya gudana, a sa hannu.

Daga nan takardar ta tafi wurin wakilin gwamnati: parefe ga komin, gwamna ga manyan biranen huɗu. A nan ne babban bambanci da zamanin da yake. Aikin parefe shi ne ya duba ko ƙudurin ya dace da dokar ƙasa, ba ko ya yi masa daɗi ba. In ya ga saɓani, yana iya neman majalisa ta gyara ko ta janye, in ta ƙi ya kai maganar gaban kotun da ke shari'a tsakanin hukuma da jama'a. Dillalin da ke ganin an zalunce shi, shi ma ƙofar kotun a buɗe take gare shi. Sannan a liƙa ƙudurin a ma'aikatar magajin gari, domin doka ba ta hawa kan mutum sai an bayyana ta.

Mataki na ƙarshe na magajin gari ne. Yakan fitar da takardar umarni, wadda ake kira arrêté, mai faɗin ranar farawa da masu karɓar kuɗi da irin tikitin da za su bayar. Akwai kuma umarnin da yake iya bayarwa da ikon kansa ba tare da jiran majalisa ba, a kan abin da ya shafi tsaro da tsabta da kwanciyar hankalin gari: hana dabbobi yawo, rufe rijiyar da ta gurɓace lokacin annoba, tsara tsayuwar motoci a tasha.

Ikon nan yana da iyaka. Komin ba ta ƙago harajin da dokar ƙasa ba ta yarda da shi ba, ba ta wuce adadin da dokar kasafin kuɗi ta ƙayyade, ba ta kuma ƙirƙiro hukuncin ɗauri. Akwai al'amuran da suka shafi kowane manomi amma ba a hannunta suke ba, kamar ranar sakin gonaki ga dabbobi bayan girbi, wadda wakilan gwamnati ke tsayarwa bayan sun ji ta bakin manoma da makiyaya.

Inda gizo ke saƙar

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a kan wannan hikima aka gina tsarin. Amma abubuwa uku sun yi ta rage masa ƙarfi.

Na farko shi ne harshe. A majalisun karkara da yawa muhawara da Hausa ake yin ta, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamashek, ko Barbarci, amma ƙuduri da Faransanci ake rubuta shi. A shekarun 2000, manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma ƴan majalisa da yawa ba su shiga lakwal ba. Sai ya zama mutum ya ɗaga hannu a kan magana, ya dogara ga sakatare a kan abin da aka rubuta. Tafintan zamanin kumandan ya dawo da sabuwar riga. Takardar da aka liƙa a bango ta cika sharaɗin doka, amma ba ta yi aikin ganga ba. Inda dokar gari ta samu karɓuwa, sau da yawa za a tarar an bi ta tsohuwar hanya: an kira masu unguwanni, an sa mai shela ya zaga da lasifika, an karanta ta a rediyon karkara, irin waɗanda suka fara yaɗuwa daga Bankilare a 1999.

Na biyu shi ne kuɗi. Komin ta karkara ta dogara ne ga harajin kai, wanda a wurare da yawa dala 140 ne a shekara, sarakuna ke tarawa su ɗauki kasonsu, sai kuɗin kasuwa. In damina ta yi gardama, haraji ba ya shiga, har kuɗin kiran zama kan gagara. A watan Janairu 2016 gwamnati ta fitar da dokokin miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Malaman makaranta sun fi kowa sanin tazarar da ke tsakanin miƙa aikin gina aji da miƙa kuɗin siminti. Dokar ƙasa ta 2014 da ta hana ledoji marasa ruɓewa ta nuna haka ta wata fuska: hani ne da ba ya tabbata sai garuruwa na da ma'aikata da abin da za su ba ƴan kasuwa a madadi, shi ya sa leda ta ci gaba da toshe magudanan ruwa.

Na uku shi ne rashin ɗorewa. Majalisun 2004 sun fara aiki a 2005. An sake zaɓe a Disamba 2009, ƴan adawa suka ƙaurace masa, sojojin da suka karɓi mulki a ranar 18 ga Fabrairu 2010 suka rushe majalisun suka naɗa kantomomi. Waɗanda aka zaɓa a Janairu 2011 wa'adinsu ya cika a 2016, aka yi ta ƙara musu lokaci har zuwa zaɓen 13 ga Disamba 2020. A tsakanin nan majalisar ministoci ta tuɓe magadan gari da dama, ciki har da na Yamai a 2013 da kuma 2017, shekarar da aka rushe majalisar birnin aka ɗora naɗaɗɗen kwamiti. A cikin gida kuma, ƙuri'ar yanke ƙauna ga magajin gari ta zama makamin rigimar jam'iyyu, har wasu majalisun suka fi ɓata lokaci a kan kujera fiye da kan kwata da kasuwa. A ranar 4 ga Afrilu 2024 hukumomin sojan da suka karɓi mulki a Yuli 2023 suka rushe dukkan majalisun birane da na komin da na jihohi, suka miƙa aikinsu ga kantomomi, mafi yawansu masu kaki. Ikon ƙuduri da na zartarwa suka sake komawa hannu ɗaya.

In aka yi lissafi, cikin shekara 64 daga 1960 zuwa 2024, lokacin da garuruwan Nijar suka yi a hannun majalisun da aka zaɓa tsakanin jam'iyyu da yawa bai kai shekara 20 ba. Wanda zai auna nasarar tsarin ko gazawarsa ya kamata ya riƙe wannan adadi. Al'adar zama a saurari abokin hamayya, a faɗi ƙuri'a a haƙura, a karanta kasafin kuɗi a yi tambaya, ba ta kafuwa cikin wa'adi biyu ko uku da ake katsewa.

Abin da tarihin ya bari

Kowane zamani ya riƙe wani yanki na aikin ya saki wani. Fada ta iya shela amma ta taƙaita shawara ga manya. Kumandan ya kawo rubutu da rajista, ya kawar da shawara, ya sa tafinta a tsakani. Zamanin samariya ya kai saƙo kowane lungu, amma daga sama zuwa ƙasa kaɗai. Majalisun 2004 sun ba manomi da malamin makaranta da mace ƴar kasuwa kujera da ƙuri'a, abin da ba a taɓa yi ba, sai dai sun bar sakamakon cikin harshen da ƴan kaɗan ke karantawa.

A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko wannan zai sauko har zuwa allon sanarwa na ma'aikatar magajin gari ya danganta da aikin da ba a yi da ayar doka kaɗai: a daidaita kalmomin mulki da na shari'a cikin Hausa da sauran harsunan ƙasa, a samu masu iya rubuta ƙuduri da su ba tare da ma'ana ta zube ba, a koya wa yara tun daga aji bambancin ƙudurin majalisa da umarnin magajin gari, da inda ake kai ƙara in ɗayansu ya wuce gona da iri. Wannan aikin malamai ne da ƙungiyoyin raya al'adu, kuma ba sai an jira ranar zaɓe ake fara shi ba. Shawara ɗaukar ɗaki ce, in ji masu iya magana, ɗaki kuwa ba ya ɗaukuwa sai waɗanda za su sa hannu sun ji kiran.